Turaren Malam

A shekarar da sojoji suka ce sun gaji za su koma bariki, gidanmu na Ƙofar Sauri ya samu abu biyu da bai taɓa samu ba: kansila da giya. Kansilan mun san da zuwansa, domin mun sha rana a layi kafin mu zaɓe shi. Giyar kuwa ashe ta yi kusan shekara arba'in tana zaune tare da mu a cikin akwatin Inna, muna ta girmama ta.

Bari in fara da kwalbar. Babanmu masinja ne a ofishin wani Bature tun zamanin da Turawa ke riƙe da ƙasa. Da lokacin tafiyarsu ya yi, Baturen yana haɗa kaya, sai ya kira Baba ya miƙa masa wata baƙar kwalba mai kauri, an toshe bakinta an kuma liƙe da jan kaki. Ya ce masa da irin Hausarsu ta Turawa ya ajiye ta sai babbar rana, kuma iya daɗewarta iya ƙarin kyanta. Bai ce ga abin da ke ciki ba. Baba kuma bai tambaya ba, don a ganinsa rashin ta-ido ne a ba ka kyauta ka tsaya kana cewa mene ne. Ya zo gida ya zauna ya yi tunaninsa shi kaɗai. Abu a cikin kwalba, na manya, wanda daɗewa ke ƙara wa kyau, ake kuma ajiyewa don babbar rana. In ba turare ba, mene ne? Babbar rana kuwa a wurin mutum irin Baba guda ɗaya ce, ranar da za a wanke shi a naɗe.

Ilimin boko ma ya sa nasa hannun. Ina makarantar sakandare Baba ya taɓa ɗauko kwalbar ya ce in karanta masa rubutun jikinta. Takardar duk ta cinye, ba abin da ya rage sai kalma ɗaya da manyan baƙaƙe, PORT. Na gyara murya na ce, "Baba, an rubuta tashar jirgin ruwa." Ya gyaɗa kai cike da gamsuwa ya ce, "To ka ji. Ta jirgin ruwa aka kawo shi." Daga ranar duk baƙon da aka ba labarin kwalbar sai an haɗa masa da jirgin ruwa, a kuma nuna ni a ce ga wadda ta karanta. Ni ce kuma daga baya na zama malamar Turanci a makarantar 'yan mata, ina cin albashi a kansa.

Allah bai nufa Baba ya shafa turarensa ba. Da ya yi ritaya ya tafi Makka tare da Inna. Kafin su tafi ya sayi farin yadi ƙwarya biyu, nasa da nata. A can shi da kansa ya tsoma su cikin ruwan Zamzam, ya matse, ya shanya a rana, ya ninke. Inna ta ce har tsokanarta ya yi, wai nata ya fi nasa shan ruwa saboda ta fi shi bukata. Bayan an gama aikin Hajji zazzaɓi ya kama shi, kwana kaɗan ya cika. A can aka binne shi cikin nasa likkafanin. Inna ta dawo Katsina ita kaɗai da nata a ninke, kamar yadda hannunsa ya ninke shi.

Tun daga nan likkafanin da kwalbar suka zama maƙwabta a cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonta. Ba ta taɓa warware ninkin ba. Takan buɗe akwatin lokaci-lokaci ta duba ko asu ya shiga, ta shafa yadin da tafin hannu, ta rufe. Ta kuma sha gaya mini, tunda ni ce autarta kuma ni ce 'yar aikenta, cewa ranar da ta mutu a fasa turaren Malam a zuba mata. Malam shi ne Baba, ba ta taɓa kiran sunansa ba.

Akwai wani kuma da ba ta kiran sunansa, shi ne Yaya, ɗanta na fari. Inna jinin Fulani ce, kunyar ɗan fari a wurinta ba wasa ba ce. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon idonsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Ko yana zaune a gabanta, ni za ta juyo wa ta ce, "Ki ce mashi abincin nan zai huce." Ni kuma in juya in ce, "Yaya, wai abinci zai huce," alhali kunnensa ya fi nawa kusa da bakinta. Haka na tashi ina tafinta tsakanin Hausa da Hausa.

Yaya ya yi shekaru yana aikin gwamnati a Kaduna zamanin soja. Ba zan ɓoye ba, duk gidan mun san yana zuwa kulob, mun kuma san ba lemo yake sha a can ba. In ya zo hutu bakinsa ba ya rabuwa da kanumfari da goro. Ba wanda ya taɓa furtawa. Daga baya ya shiryu, kuma shiryuwa ta gaskiya, wannan na shaida masa. Ya dawo gida, ya sauke farali, ya tsayar da gemu. Da aka buga gangar siyasa ya fito neman kansila, sai 'yan hamayya suka tono Kaduna. Yara suka riƙa bin motarsa suna kwaikwayon tangaɗi. Abin ya ci masa rai har ya miƙe a gaban dattawan unguwa bayan sallar la'asar ya ce shi wallahi ko warin giya bai sani ba. Kawunmu, ƙanin Inna, malami mai karantar da littattafai a zaure, shi ya tsaya masa ya ce ya yarda da yaron nan. Aka yi zaɓe Yaya ya ci. Ya zauna jiran ranar rantsarwa, ya ɗinka babbar riga har an kai ta bugu.

Ana cikin wannan jira, a tsakiyar bazara, lokacin da ko ruwan randa ɗumi yake yi, Inna ta aiko a kira ni daga gidana na Ƙofar Kaura. Na same ta zaune a ƙasa, akwatin a buɗe, ta yi tagumi.

"Turaren Malam ya tsiyaye," ta ce.

Zafi ya sa kakin ya tsage, toshiyar ta motse, kwalbar kuma a kwance take. Ba da yawa ya zuba ba, amma a kan likkafanin ya zuba, ya ratsa ninkin tun daga sama har ƙasa. Tabon ja ne mai duhu, kamar na zoɓo da ya kwana a tufa. Inna ba ta damu sosai ba, tunda dama can nan za a zuba shi. Abin da ya ɗaure mata kai ɗaya ne.

"Ke da kika yi boko, tun yaushe kiyashi ke bin turare?"

Na duba. Kiyashi sun yi layi tun daga ƙafar gado har cikin akwati, suna ta hidima kamar an raɗa suna. Na kai yadin hanci. Ba ƙamshin turare ba ne. Wani abu ne kamar dabino da ya daɗe a buhu, da zaƙi-zaƙi, da ɗan tsami daga ƙarshe. Duk da haka na ce mata wataƙila haka turaren Turawa yake in ya tsufa.

Washegari a ɗakin malamai na matsa kusa da wata abokiyar aikina, Kirista ce daga Kudu, na tambaye ta a fakaice ko kalmar nan tana da wata ma'ana ban da tashar jirgi. Ta yi dariya ta ce ai giya ce, ja, mai zaƙi, wadda manyan Turawa ke kurɓa bayan cin abinci. Na ce to in ta yi shekara arba'in fa? Ta zaro ido ta ce in dai an adana ta da kyau, irin wannan a ƙasar Turai gwanjonta ake yi, masu kuɗi na rububi. Ta ce dama an yi ta ne musamman don ta jure daɗewa. Sai ta tambaye ni a ina na ga kalmar. Na ce a wani tsohon littafi. Ranar ban iya koyar da komai ba, na ba 'yan mata aikin aji na zauna ina ta Innalillahi a zuci.

Na so in yi shiru. Amma yaya zan bari a naɗe uwata cikin giya, a kuma fasa sauran a zuba mata a kai? Na je na gaya mata, ina kallon tabarma. Da ta buɗe baki, ba ni ta zaga ba, ba kuma Baba ba.

"Amma Baturen nan Allah ya isa. Mutum shina maka aiki shekara da shekaru, kullum kana ganin shi da buta, ka rasa abin ba shi sai wannan?"

Sai ta ce in kira mata Kawu, kuma kada bango ya ji.

Kawu ya zo, aka rufe ƙofa, ya saurara yana shafa gemu. Ya ce abin da sauƙi. Giya najasa ce, a wanke yadin da ruwa mai tsarki, shi ke nan. Inna ta ce ba za a wanke ba. Ya ce to a yanke wurin. Ta ce ya ratsa ko'ina, sai dai a yanke duka. Ya ce alhazan bana ba su daɗe da dawowa ba, Zamzam ya cika gari, a wanke a sake tsomawa, shi ma yana da jarka guda a ɗaki.

"Zamzam ɗinka daban," in ji Inna. "Wannan shi ya tsoma da hannunshi. In na sa mashi sabulu, me ya rage?"

Nan na gane abin da muke ciki, na kuma ji tausayinta har cikin ƙashina. Ba ta ga kabarinsa ba tun ranar da aka rufe shi, ba kuma za ta kwanta kusa da shi ba. Wannan yadin shi ne kaɗai abin da za su yi tarayya a kai.

Sai Kawu ya ɗaga yatsa irin na malamai in sun tuno wata mas'ala. Ya ce akwai ƙofa ɗaya. Malamai sun ce giya in ta daɗe ta juya da kanta ta zama khal, wato ruwan tsamin nan da ake sa wa abinci, ƙarfin bugarwarta ya tafi, to ta tsarkaka. In wannan ta riga ta zama khal kafin ta taɓa yadin, babu wanki, likkafani na nan da tsarkinsa.

Fuskar Inna ta washe. Ta ce, "To ai shekara arba'in ko dutse ne ya ci ya lalace."

Ina jin a duk duniya babu gidan da ya taɓa shiga irin halinmu. Can Turai masu irin wannan kwalba suna fatan kada ta lalace don su sha ko su sayar. Mu a Ƙofar Sauri mun duƙufa roƙon Allah ya sa tamu ta ruɓe. Inna har sadakar ƙosai ta bayar da wannan niyya, ba tare da ta gaya wa masu ci dalili ba.

Saura sanin gaskiya. Kawu ya sunsuna kwalbar daga nesa, hannu a miƙe kamar mai riƙe da kunama, ya ce shi a littafi ya san giya, littafi kuma ba ya wari. Ni na sunsuna na ce akwai tsami, akwai kuma zaƙi, ban san wanda ya rinjayi wani ba. Kawu ya ce a irin wannan sai a koma ga masana. Na ce in kai wa abokiyar aikina. Inna ta ce sam, ba za a ji a gari cewa Malam ya mutu ya bar giya a gado ba, kuma ga rantsarwa na tafe, 'yan hamayya na neman abin yin waƙa. Muka zauna mu uku muna kallon kwalba, kowa ya san sunan masanin, kowa ya ƙi faɗa.

Haka aka yi kwanaki. Inna ta rage cin abinci. In na zo sai in tarar ta buɗe akwatin tana kallon tabon. Rannan ta ce mini in ta mutu yau, ba ta san ko a naɗe ta a ciki ko kada a naɗe ta ba. Raina ya ɓaci. Na ce, "Inna, don Allah mu daina wannan wasan ɓuya. Kin san wanda zai iya gaya mana." Ta kawar da kai ta ce ita ba ta san kowa ba. Can kuma, ina ɗaura mayafi zan tafi, ta ce wa bango, "In kin ga wancan, ki ce mashi ina neman shi gobe bayan azahar. Ya zo shi kaɗai, ban da 'yan rakiya."

Yaya ya zo cikin shadda mai sheƙi, yana ƙamshin turare na gaskiya. Tun da ya ci zaɓe tafiyarsa ma ta canza, sai ka ce gwamna aka ba shi. Ya gaida Inna, ta amsa wa bango. Ya gaida Kawu. Na zayyana masa komai tun daga kiyashi har khal. Da na zo kan ma'anar kalmar, sai na ga ya saci kallon kwalbar, ya yi saurin ɗauke ido. Daga nan na san ya daɗe da sanin ko mece ce. Shekara nawa yana jin ana labarin jirgin ruwa a zaure, ya kasa gyarawa, don gyaran zai jawo tambayar a ina ya sani.

"To ni me zan yi a ciki?" ya ce. "A kai asibiti mana a auna."

"Ki ce mashi ba asibiti na kira ba," in ji Inna.

"Yaya, wai ba asibiti aka kira ba."

"Ai na ji. Amma ni ina na san wannan abu? Kawu shaida ne, a gaban jama'a na faɗa, ko warinta..."

Kawu ya ɗaga kai yana nazarin azarar ɗaki, kamar ranar ya fara ganinta.

Inna ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ki ce mashi ni ba ƙuri'a gare ni ba. Ki ce mashi ni na riƙa wanke mashi riguna in ya zo daga Kaduna, kanumfari baki yake gyarawa, ba ya gyara riga. Ban taɓa ce mashi komai ba, yau ma ba faɗa zan yi ba. Tambaya nake, cikin me za a rufe ni?"

Wannan ban fassara ba. Na ga zufa ta keto wa Yaya ta ƙarƙashin hula. Na san abin da yake aunawa, don ni ma shi nake aunawa. Zai iya tsayawa a kan bai sani ba, ya fita da mutuncinsa a gaban Kawu, ya bar tsohuwa da akwatinta. Zai iya sunsunawa ya ce ai wannan tsami ne zalla, ko yaro ya sani, kowa ya yi hamdala a tashi. Wallahi a lokacin da ya yi hakan da na gode masa.

Ya cire hula ya ajiye. Ya ce in ba shi kofin shayi da buta. Ya ɗauki kwalbar, kuma yadda ya riƙe ta kaɗai ya isa shaida, don mu duk riƙon tsoro muke yi mata, shi kuwa riƙon sani ya yi. Ya zare ragowar toshiyar a hankali ba tare da ta marmashe ba. Ya tsiyaya ɗan kaɗan, ya ɗaga kofin wajen hasken ƙofa, ya juya shi, ya kai hanci ya lumshe ido. Ya dubi Kawu. Kawu ya ce wa azara, "A ɗanɗana a tofar, a kurkure baki. Lalura ce." Yaya ya taɓa da harshe, ya riƙe, ya fita ya tofar a kwata, ya kurkure baki ya sake kurkurewa. Ya dawo ya durƙusa.

"Ba ta lalace ba," ya ce.

Ya ajiye kofin, ya ci gaba.

"Ko kusa ba ta zama khal ba. Giya ce, da ƙarfinta. Ɗan tsamin da kuke ji na iskar da ta shiga ne kwanan nan." Sai kuma abin ya kuɓuce masa, kamar mai ba da shaida a gaban alƙali. "Tun da nake ban taɓa sa mai kyanta a baki ba."

Kawu ya yi tari. Ni kuwa dariya da kuka suka taho mini lokaci ɗaya, na toshe baki da mayafi. Wato Baturen bai yi ƙarya ba, ta ƙara kyau. Duk addu'armu da ƙosan Inna, kwalbar nan ta zauna cikin zafin Katsina shekara arba'in ta ƙi lalacewa, don kawai ta nuna mana aikin Turawa.

Yaya ya juya wajen Kawu, kansa a ƙasa, ya ce, "Kawu, maganar da na yi a gaban mutane..." Kawu ya katse shi ya ce wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne, ya san abin da ake yi in an yi rantsuwa a kan ƙarya, in kuma ya manta ya zo zaure a tuna masa. Ya ƙara da cewa shi ma da ya tsaya masa, ba wai hancinsa ne ya toshe ba.

Na juya wajen Inna. Hannunta na kan likkafanin, tana shafa shi. Hawaye na zuba, ba ta share ba. Na matsa na ce, "Inna, ko a bar shi haka? Allah ai ya san niyya." Ta harare ni ta ce in rufe mata baki, ba za ta je gaban Allah da dabara ba.

Sannan ta yi abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni. Ta juya ta dubi Yaya, ido cikin ido.

"Kai," ta ce. "Tashi ka jawo mini ruwa."

Yaya ya dube ni, kamar yana jiran in fassara. Na ce, "Da kai ake."

Ya tuɓe babbar riga ya rataye a ƙofa. Zaɓaɓɓen kansila, da 'yar shara da wandon shadda, ya tsaya bakin rijiya yana jan guga. Inna ta warware ninkin da hannunta, karo na farko tun daga Makka. Layukan ninkin sun zauna daram a jikin yadin, har sun yi duhu. Ta tsaya tana kallonsu, sannan ta tsoma shi cikin baho. Hannunta ba ƙarfi, ta cuɗa kaɗan ta gaji. Yaya ya durƙusa ya karɓa, ba ta hana shi ba. Ruwan ya yi ja, aka zubar, ya jawo wani. Shi ya wanke, shi ya ɗauraye, su biyu suka kama bakin yadin suka matse, ita nan shi can. Da suka shanya a igiya na ji ta ce masa, ba ta bango ba, "Allah shi yi maka albarka." Ya tsaya da guga a hannu yana kuka kamar yaro, gemu duk ya jiƙe.

Sauran giyar Kawu ya ce a zubar. Na tuna masa, don tsokana, cewa an ce a Turai gwanjonta ake yi. Ya ce to su yi ta yi. Yaya ne ya kai ta masai ya tuttular, kuma na lura ya kawar da kai bai kalla ba. Kwalbar kuwa Inna ta sa aka wanke ta da toka, ta mayar da ita akwati. Ta ce ba ruwan kwalba, kuma kyautar Malam ce.

Tabon bai fita duka ba. Ya koɗe ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, amma yana nan a kowane ninki. Kawu ya ce ba komai, in an wanke iya wankewa launin da ya ƙi fita an yafe shi. Aka rantsar da Yaya, ya yi kansilancinsa, bai fi na kowa ba bai kuma kasa na kowa ba. Inna ta koma kunyarta kamar ba a yi komai ba, washegari ma ni ta ce wa in ce masa ya rage yawo cikin rana. Sai dai na lura ta daina cewa wannan yadin Malam ya tsoma. Takan ce Malam ya tsoma, wancan ya wanke.

Ta rasu bayan 'yan shekaru, da damina, da hantsi. Ni na ɗauko likkafanin na miƙa wa matan da suka yi mata wanka. Da suka warware, wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta ga jirwayen, ta kai hanci ba ta ji komai ba. Ta ce, "Ikon Allah, wane irin abu ne ya zuba a nan?"

Yaya na tsaye a bakin ƙofa daga waje, yana jiran a gama a ɗauka. Na san yana ji.

Na ce, "Turaren Malam ne."

Tsohuwar ta ce, "Allah sarki. Ashe dai ta samu."